Ni Ne Mai Jin Bisimillar Sanda

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar taubashina Sanda mahauci, Allah Ya jiƙan shi. Ni a aji huɗu na firamare na tsaya, saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya kai ƙarar hedimastanmu, shi ma yana can inda Sanda yake.

Shekara talatin Sanda yana yanka a Kaura, ranar kasuwa ya hau mota zuwa Kasuwar Daji. Ni kuwa muƙamina a wurinsa babba ne, sai dai babu albashi: ni ne mai jin bisimilla. Zai kayar da akuya, ya yi bisimilla da ƙarfi har 'yan rumfar gaba su waiwayo, ya yanka, sannan ya ɗago kai.

"Bawa, na yi?"

"Ka yi."

"Ka ji da kunnenka?"

"Na ji, ɗan nema. Har akuyar ta ce amin."

Ranar da ban je ba, akuya ta zama mushe a wurinsa. Ya ja ta bayan gari ya bar wa ungulu, iyalinsa su wuni da kunu. Liman ya taɓa gaya masa cewa wanda ya manta bisimilla yankansa ya halatta. Ya yi murna kwana biyu. Rana ta uku ya same ni ya ce, to in ba mantuwa ya yi ba fa? In da gangan ya ƙi, bai sani ba?

Waswasi muke kiran abin. Ya sha rubutu a Zurmi, ya shaƙi hayaƙi a Shinkafi, sai da furfura ta fito aka kai shi asibiti a Gusau. Sau uku ana canja masa ƙwaya, ba wadda ta kama shi yadda ya kamata. Hawan jini ne ya tafi da shi, tambayarsa kuwa bai ajiye ta ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ɗansa Lawali, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya gaji wuƙa, ya kuma gaji tambayar. Bara na raka shi wurin likitar ƙwaƙwalwa, sa'ar 'yata ta uku. Na kwashe labarin uban na ba ta. Ta ce ciwon nan yakan yi taurin kai ga wanda ya kama tun yarinta, aka kuma daɗe ba a kai shi asibiti ba. Na tuna Sanda tun muna yara yana ƙarar da ruwan buta uku a alwala ɗaya, muna tsokanar sa. Ta ce haka ma wanda bai yarda cewa ciwo ne ba. To Sanda har ya mutu tsoron Allah yake kiran abin, mu da ba mu tambaya mu ne sakarkaru. Ta tambaya ko ya yi fama da damuwa, na tuna watannin da yake ƙin fitowa daga ɗaki. Magani kuwa, in hanya ta yi kyau a karɓo, in 'yan bindiga sun tare a haƙura.

Sai ta ce, "Baba, shi uban, wa ke amsa masa tambayar?"

Na gyara hula na ce ni ne, ina jiran yabo. Ta ce amsar takan kwantar da hankali na ɗan lokaci, amma ita ke ciyar da ciwon, gobe ya dawo da ƙarfinsa.

Tun ranar ban gane kaina ba. Akuyoyin da na ceta daga ungulu fa? Tuwon da 'ya'yansa suka ci saboda "ka yi" ɗina fa? Na ce mata, da na yi shiru da ya warke? Ta ce ba ta sani ba, akwai wanda ake yi wa komai daidai ciwon ya ƙi tafiya. Karatun shekara da shekaru, a ƙarshe ni da ita amsarmu ɗaya.

Sanda, da kana nan me za ka ce? Na san za ka ce yarinyar ba ta taɓa riƙe wuƙa ba. Amma tunda ba za ka iya biyo ni da sanda ba, bari in faɗi gaskiya: kunnena na hagu ya mutu tun ina saurayi, kai kuma kullum ta hagu kake tsayar da ni. Rabin bisimillarka ban ji ba. Kai na sani, shi ya sa nake cewa ka yi.

Likita ta shirya da Lawali, da yardarsa, cewa in ya tambaya kada kowa ya amsa. Da Babbar Sallar nan shi ya yanka mini rago. Ta dama na tsaya, na ji bisimillarsa rangaɗaɗau. Ya ɗago kai, idon ubansa sak.

"Baba, na yi?"

Amsar ta zo mini har kan harshe. Na ce, "Lawali, rana na yi. A feɗe."

Ya tsaya, gumi na zuba, har na fara tunanin ungulu za su yi Sallah da ragona. Can ya sunkuya ya kama ƙafar baya.

Mun ci naman. Shi tsoka ɗaya ya iya haɗiya, kuma kwana uku bai gaishe ni ba. Ko taimakonsa na yi ko zaluntarsa, wallahi ban sani ba. Ga shi yanzu ni ke neman wanda zan ɗago kai in ce wa, "Na yi daidai?" Mutum ɗaya ne zai ce mini "ka yi" ko bai ji ba, shi kuma shekara bakwai ke nan.