Kwaɗon da na zubar a Al-Awali

A gidanmu busasshiyar tafasa muka sani. Alhazai ke kawo wa Kaka a ƙullin leda, duk ta marmashe, a jiƙa a yi kwaɗo. Kaka kaɗai ta taɓa ganin ta a tsaye cikin jeji, can ƙasar Damagaram, kafin ta taho Madina. Mu sauran duk nan aka haife mu, har da Gwaggo, yayar babanmu.

Ina shekara ta biyu a karatun haɗa magunguna, wata Juma'a muka tafi yini Al-Awali, gonar dabinon da Kawu yake kula da ita. An yi ruwa makonni kaɗan kafin nan, ciyawa ta fito. Kaka ba ta daɗe da barin asibiti ba saboda ciwon ƙoda, kuma likita ya ja mana kunne cewa kada a bari ta yi gudawa, jikinta ba zai ɗauka ba. Muka yi mata shimfiɗa a inuwa. Idonta ya riga ya tafi, sai kunne.

Maza sun wuce masallaci, sai ga Gwaggo daga bakin magudanar ruwa, ta cika gefen abayarta da ganye.

"Ku zo ku ga ikon Allah, tafasa a Madina! Kada wadda ta gaya wa tsohuwa, sai dai ta ji a bakinta."

Na ɗauki reshe ɗaya na ƙirga. Tafasa ganye shida take yi a kara, bibbiyu sau uku, kwansonta dogo siriri. Wannan goma ne, wani sha biyu, kwanson faffaɗa a lanƙwashe. Filasko ne, wanda Larabawa ke kira ishriƙ, maganin wankin ciki. A zangon da ya wuce na zana shi da hannuna, har sau biyu, don na farkon bai yi mini ba.

"Gwaggo, ina ganin ba tafasa ba ce," na ce.

"Na'am? Ɗaga murya, ya binti, ba a maktaba cikin littattafai kike ba."

Na maimaita, na nuna mata ganyen ɗaya bayan ɗaya. Ta juya wajen sauran mata.

"Kun ji daktora, ganye take ƙirgawa! Ni tun ba a haifi ubanki ba nake cin tafasa."

"Busasshiya, Gwaggo."

"To ɗanya da busasshiya ba uwarsu ɗaya ba?"

Aka kwashe da dariya. Na buɗe waya na nuna hoton kowanne. Ta leƙa ta ce ai ga shi nan, fure rawaya, ganye mai faɗin kai, me kuma nake nema? Na roƙa a kai wa Kaka reshe ta shinshina, ko a jira Kawu ya dawo. Umma ta mintsine ni a cinya, ta ce ƙasa-ƙasa ba a musu da babba a gaban mutane. Na cusa reshen cikin littafina, na koma gefe. Abin da na fi iyawa ke nan.

Ina zaune ina kallo aka dafa, aka tace, aka zuba ƙuli da albasa da tumatir da yaji. Gwaggo ta ɗanɗana a yatsa, ta ce ɗan ɗacin nan shi ne alamar ɗanya. Ta juye duka a babban faranti, ta miƙo mini.

"Ungo, kai wa kakarki ta fara sa albarka. Ki ƙirga lomar ma in kin so."

Tsakanina da Kaka bai fi taku ashirin ba. Da na zo daidai magudana sai na karkata farantin, na juye shi cikin ruwan. Umma ta yi salati, ta ce tuntuɓe na yi. Da na bar shi a haka da an wuce wurin, amma na ce a'a, da gangan ne.

Faɗan Gwaggo rabi Hausa rabi Larabci, ban riƙe shi ba. Na Kaka na riƙe. Da aka gaya mata abin da ya faru, ta juyo fuska inda take jin numfashina.

"Ɗanya ce fa aka ce. Ko loma ɗaya ba ki rage mini ba, 'yar nan?"

Shinkafa da nono ta ci ranar, kaɗan.

Kawu da ya dawo ya ce shi dabino ya sani, ciyawa ta 'yan aiki ce. Ranar Lahadi na kai reshen da na ɓoye cikin littafi wajen wani malaminmu ɗan Najeriya. Kallo ɗaya ya yi masa ya ce filasko, ya tambaya ko wani ya ci. Na ce babu. Ya ce alhamdulillahi.

Na kawo wannan magana gida kamar na samo shaida. Gwaggo ta ce, "Malamin naku ya ci ne ya gani?"

Babu wanda ya ci, babu wanda ya yi gudawa, don haka babu abin da zan nuna. Kaka ta ƙara shekara biyu a duniya. Har yau in dangi sun taru, Gwaggo takan ba da labarin ranar da Allah ya tsiro wa tsohuwa tafasa a Madina, boko ya zubar.