Ranar da Aka Yi Wa Mushena Dariya

Har yanzu in na tuna ranar sunan nan na unguwar Belleville a Paris sai in ji wuyana ya yi zafi. Wasu daga cikin waɗanda suka yi dariyar sun rasu, Allah ya ji ƙansu, amma ni ban gama hucewa ba.

A ƙarshen shekarun tamanin muna zaune a Rillieux, arewa da Lyon a Faransa, a hawa na bakwai na wani dogon bene. Maigidana ɗan kasuwa ne, yana aika kayan gyaran mota da shadda gida, ana aiko masa da kuka da daddawa da kaset. Ya fita da safe sai magariba. Ni kuwa daga Damagaram aka kawo ni, karatuna bai wuce firamare ba, Faransancina na sayen burodi ne. Abin da ya riƙe ni a wannan ɗaki shi ne ƙananan littattafan soyayya na kasuwa da ake sako mana daga Kano a cikin kwalin kayan miya. Shafukansu duk warin daddawa. A cikinsu na koyi rubuta Hausa. Nakan karanta ɗaya sau biyar, in tsaya a taga ina kallon ruwa yana sauka a kan motoci, ina canza wa labarin ƙarshe a raina. Daga nan na sayi kaye, littafin rubutu na 'yan lakwal, wato makarantar boko, na fara nawa.

Labarin wata mai ɗinki ne a ƙauye, wadda ta kamu da son sabon malamin lakwal. A wajenmu malamin lakwal mushe ake ce masa, daga kalmar da Faransawa ke kiran namiji da ita. Haka muka tashi muna faɗa: mushe ya zo, mushe ya ba mu hutu. A baki ba ya taɓa haɗuwa da ɗaya mushen, na dabbar da ta mutu ba a yanka ba, don muryar ba ɗaya ba ce. Ban taɓa lura cewa a takarda haruffansu iri ɗaya ne ba.

Na kai babi na tara lokacin da matar abokin maigidana ta haihu a Paris. Muka hau jirgin ƙasa mu uku, da ni da maigidana da wata dattijuwa maƙwabciyarmu, mutuniyar Tawa, da nake kira Inna. Ban san ya ɗauki kayen daga ƙarƙashin kayan sawata ya sa a jakarsa ba.

Gidan sunan ɗaki biyu ne. Maza suka cika falo, mu mata muka matsu a kicin. Bayan azahar an ci shinkafa, ina yanka albasa don miyar yamma, sai na ji wata murya daga falo tana cewa, "Alhaji, ka ce iyalinka ce ta rubuta? To bari mu ji."

Na san muryar. Wani ɗan Najeriya ne da ke karatu mai zurfi a Paris, bai gama ba amma kowa Dakta yake ce masa. Ya gyara murya ya karanta: "Ta ce wa ƙawarta, ni dai mushe nake so. In na hango shi daga nesa sai numfashina ya tsaya."

"Dole numfashi ya tsaya mana," in ji wani. "Kwanansa nawa da mutuwa?"

Falo ya ɗauka da dariya. Dakta ya juya shafi. "Ga wani wurin. Da mushe ya shigo, ƙamshinsa ya cika ɗakin ɗinkin."

Na ji wani yana dukan cinyarsa, wani yana tari. Wannan jimlar kwana biyu na yi ina juya ta. Turaren da nake nufi ma na san shi, na 'yar kwalba mai murfin ruwan zinari.

Wani tsoho ya ce, "Dakta, malamin makaranta take nufi."

"Na gane, Baba, na gane. Amma ai Hausa tana da malami. In za a buga wannan a Kano sai an wanke shi tas."

Ya gane ke nan, tun jimlar farko. Kuma falon nan, in ka cire mutum biyu ko uku, duk mutanen Maradi ne da Damagaram da Tawa. Kowannensu mushe ya koya masa ƙirga. Babu wanda bai san abin da nake nufi ba. Suka yi dariyar bakin iyayensu don wani mai tabarau ya fara. A cikin dariyar na tsinci ta maigidana, wata siririya da yake yi in yana gaban wanda ya fi shi boko.

Matan kicin kowacce ta sami abin kallo a tukunya. Inna ta zare wuƙar daga hannuna. "Aje wagga, ɗiyata. Tahi ki wanke ido, albasa ta yi miki yawa."

Washegari a jirgin komawa muka wuce gonaki da yawa. Inna ta rufe fuska da mayafi kamar mai barci.

"Amarya," maigidana ya ce, don haka yake kirana ko bayan shekara huɗu, "ai wasa ne."

"Ka san abin da nake nufi da kalmar."

"Na sani."

"Ka buɗe baki ka faɗa?"

"So nake a buga miki shi. Dakta ya san mutane a Kano."

"Wa ya ce ka ɗauka, Alhaji?"

Ya duba taga. Na ce, "Ina kayen?" Ya ce ya bar wa Dakta ya duba. Daga nan har Lyon ban ƙara kallonsa ba.

Bayan mako uku kayen ya dawo ta gidan waya. Babu shafin da jan biro bai taɓa ba. Duk inda na ce mushe an soke an sa malami. Lakwal ta koma makaranta. Inda mai ɗinkin ta ce za ta tafi likita, an rubuta asibiti. A bangon ƙarshe Dakta ya sa, "Akwai ƙoƙari." Ko kalma ɗaya bai ce a kan labarin ba, ko mai ɗinkin ta ba shi tausayi, ko ya so ya san ƙarshenta.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi ba ni haushi, ya fi dariyar ma. Na sayi sabon kaye na zauna ina kwafe littafin da kalmominsa. Kowane shafi na kwafa sai na zagi kaina: 'yar firamare, mai Hausar ƙauye, wa ya aike ki. Abin da babu wanda ya faɗa a falon nan, ni na faɗa wa kaina, kullum, tun daga karin kumallo. Malamin da ya fito a sabon kayen kuwa ban san shi ba. Mushena siriri ne, yana da keke da wando mai guga, yana jin kunyar mata. Wannan malamin sai na riƙa ganinsa da babbar riga yana gyara wa mutane magana. Mai ɗinkin ba ta son shi, ni ma haka. A babi na huɗu na tsaya. Na ɗora kaye biyun a kan kabad, na yi lokacin sanyin nan gaba ɗaya ban taɓa alƙalami ba. Ko littattafan kasuwar na daina buɗewa, don in na buɗe sai in ji kamar da ni suke.

A gida kuma na dafa, na wanke, na amsa sallama. Iyakarta ke nan. Maigidana ya sayo mini atamfa na ce an gode na sa a akwati.

Wata ranar Laraba da hantsi Inna ta hawo da ƙwaryar gero za mu gyara. Ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce, "Ina littahin nan?"

Na ce na bari.

"Ɗauko. Ni ban iya karatun boko ba, ki karanta mini da bakinki. Na hwarin, ba wanda kika yi ma wanka ba."

Na karanta ina tsallake jan biron. A bakina kalmar ta fito yadda take, babu abin dariya. Inna tana tsintar gero, can ta ɗaga kai. "Wanga mushe naki bai da kunya? Sau ukku yana kawo riga guda a rage mishi hannu?"

"Dalili yake nema, Inna."

"Na sani, ai ni ma an yi mini." Ta ci gaba da tsinta. Da na kai inda aka aiko wa mushe takardar canjin gari, na rufe. Ta ce, "To, sai mi?"

"Ban rubuta ba."

"Don mi?"

"Kin ji dai abin da aka yi."

"Maza sun ci shinkahwa sun ƙoshi, ko tsintsiya aka nuna musu dariya za su yi. Ke kuma kin bar yarinyar mutane zaune gaban keken ɗinki wata huɗu ba ta san ko zai tahi ba."

Da ta sauka na yi kuka, sannan na yi fushi sabo, mai amfani wannan karon. Na sake buɗe kayen farko.

Yanzu 'yan mata sukan kawo mini rubutunsu, kuma kusan kowacce kafin ta miƙo sai ta ce, "Hajiya, ba shi da kyau fa." Wannan maganar tana tayar mini da rai. Nakan ce kada ta riga kowa zagin abinta. Labarin da ba a gama ba ba na falo ba ne. A kai shi wurin mutum ɗaya, wanda zai tambayi abin da ya faru gaba. In an yi gyara a duba, wanda ya taimaki labarin a ɗauka, sauran a bar wa mai shi. Ni ma daga duk jan biron nan abu ɗaya na ɗauka: a wurin da mushe ya fara fitowa na rubuta mushen lakwal, don baƙo ya gane tun daga farko. Kalma guda. Abin da za a iya faɗa mini a hankali a bakin ƙofa ke nan. Nakan kuma ce mata in ta yi kuskure ta yi wa kanta magana yadda za ta yi wa ƙanwarta. Kuma in an ɓata mata rai kada ta tilasta wa kanta murmushi don a ce tana da haƙuri. Ni wata huɗu na yi ina haƙurin ƙarya, yana cin littafina yana cin aurena.

Ranar Lahadin makon, bayan la'asar, na ajiye wa maigidana shayi na zauna a gabansa, abin da na daɗe ban yi ba.

"Alhaji, ba ɗaukar kayen ce ta fi ƙona ni ba. Dariyarka ce."

Ya daɗe yana juya cokali. "Kunya na ji," ya ce. "Da ya fara sai na ji kamar ni ne ban iya Hausa ba. Sai na bi su."

"Ka bar ni ni kaɗai a kicin."

"Na bar ki."

Bai kawo wani dalili ba, shi ya sa na iya ci gaba da zama. Na ce masa daga yau ba mai taɓa kayen, ko shi, ko Dakta, ko limamin unguwa. In ina so a ji, ni zan karanta. Ya ce ya yarda. Ya ce Dakta ya aiko yana tambayar sauran babin. Na ce a gaishe shi.

Babi uku suka rage, na yi su cikin mako shida, da safe bayan ya fita. Ba su fito yadda nake mafarki ba. Na so a yi rabuwa a tasha da hawaye da alkawari, sai mai ɗinkin ta ƙi. Ta naɗe kekenta a buhu ta bi mushen zuwa sabon garin, ta kama ɗaki kusa da kasuwa, ta aika masa cewa in da gaske yake ya turo manyansa. Na bar ta ta yi abin da take so.

Ranar da na sa aya ta ƙarshe maigidana ya dawo da wuri, ya same ni a tebur. Ya tsaya a bakin ƙofa da ledar burodi, bai matso ba.

"An gama?"

"An gama."

"Ya aure ta?"

Na ce ya je ya kira Inna, ita ta fara tambaya. In sun hawo tare zan karanta musu daga babi na goma.