Sunan Yaya Sabo da aka shafe da baƙin fenti

Yau shekara bakwai da rasuwar yayana, wanda 'yan Fagge suka fi sani da Sabo Mai Fenti. Allah Ya jiƙansa. Karatuna a firamare ya tsaya, amma abin da ke cina a rai ya fi ƙarfin in yi shiru.

Tun kafin wannan magana ta taso akwai fargabar da nake yawo da ita. 'Yata Ummi, duk inda ta samu gawayi sai ta zana bangon tsakar gida. Nakan ƙwace in buge mata hannu, don na ga yadda zane ya yi da Yaya Sabo. Ya yi wa masu aski da masu abinci alluna tun daga Titin Ibrahim Taiwo har cikin Sabon Gari, ya zana bayan adaidaita sahu ba adadi. Amma a majalisa "mai gumaka" ake ce masa. In ya gama aiki a yi ta ja masa ciniki kamar ana tayin tattasai. A ɗakin haya ya rasu, fenti bai fita daga faratansa ba.

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi. Kowane allo sai ya rubuta sunansa a ƙasa ta hannun dama. Yakan ce, "Hauwa, allo ba suna ɗa ne ba uba."

Bayan sadakar bakwai, Kawu, yayan mahaifiyarmu, ya buɗe shagon da Yaya yake aiki. Ya ce duk hoton mai rai da ke ɗauke da sunan Sabo nauyi ne a kansa a kabari. Ya ɗauki burushin mamacin da baƙin fenti, ya bi allunan yana shafe sunan yana hawaye. Har shagunan mutane ya bi yana roƙo a bar shi ya shafe. Na san don ƙauna ya yi. Amma ƙaunar nan ta binne Yaya Sabo sau biyu.

Watan jiya na shiga kasuwar Sabon Gari, sai Madam Ngozi mai abinci, wadda Yaya ya taɓa yi wa allo, ta ƙwala mini kira. "Ƙanwar Sabo! Zo ki ji. Kin san an rataye ni a bango?" Wai bara wasu samari suka saye tsohon allonta, yanzu 'yarta ta gan shi a wani gidan nuna zane can bayan gari.

Muka hau adaidaita ni da ita da Ummi, muka yi ta tafiya har gidaje suka fara ƙarewa. Tsohon sito ne aka gyara, an shafe shi da fari tas, ga sanyin na'ura. Samari da 'yan mata suna zaune da kwamfuta, wasu suna koyon zane, ba mai ce musu masu gumaka. Ga Madam Ngozi a bango da ludayinta da wushiryarta, fitila tana haska ta. Ga allon Ɗanjuma mai aski, wanda a gabana Yaya ya zana shi ina riƙe masa gwangwanin fenti. A ƙasan kowanne, ga baƙin tabon Kawu.

Na tambayi saurayin da ke zagayawa da mutane abin da aka rubuta a gefe. Ya ce, "Hajiya, an ce ba a san mai zanen ba. Wannan baƙin tabon ma salonsa ne."

"Salon wa? Kawunmu ne ya shafa! Sunan yayana ne a ƙarƙashi."

Madam Ngozi ta dafa ƙirji ta ce, "Yaro, dube ni ka dubi bango. Ni ce nan. Ban san wanda ya zana ni ba?"

Ya yi murmushi cikin ladabi, ya ce kowa ma zai iya zuwa ya faɗi haka, sai mun kawo shaida, allo ko hoto mai sunan. A raina na ce, da kuka zo saye a Sabon Gari kun nemi shaida? Kun tambayi ko mutum ɗaya wa ya yi? Mai shayin bakin titi ma da ya gaya muku. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Ina ta tunanin me Yaya zai ce da yana raye. Na san zai fara da dariya, ya ce an rataye Madam a karkace. Zai ji daɗin ganin yaran nan suna zane ba ɓoyo. Amma in ya kai ido ƙasan allon, ba na jin zai ƙara magana.

Muna fitowa na ga Ummi ta tsuguna tana zana ludayi a ƙasa da tsinke. Hannuna ya ɗaga da kansa, sai na sauke. Fargabar ba ta tafi ba, har yanzu ina jin ta. Amma na saya mata alli, na ce duk abin da ta zana ta sa sunanta a ƙasa. Hannun Yaya bai mutu ba, yana bango, yana tsakar gidana. Sunansa ne kawai ya rage a ƙarƙashin fenti.

Kawu bai iya zagaye Kano duka ba. Jama'ar Fagge, 'yan kasuwar Kwari, mutanen Sabon Gari, masu adaidaita, don Allah ku duba tsofaffin allunanku, har wanda aka jingine a bayan shago ko aka toshe taga da shi. In kun ga an rubuta Sabo Mai Fenti a ƙasa ta hannun dama, kada ku sayar, kada ku shafe. Ku kai wa Madam Ngozi mai abinci, ta san inda nake. Guda ɗaya ya ishe ni.