Amsar da Kwamfuta Ta Ba Kawuna

Shekarar da geron ƙauyen Turba ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, ina aiki da wata ƙungiyar manoma a Sabon Birni. Ni ke shigar da bayanan manoma a kwamfuta, kowa da layinsa: unguwa, gona, iyali.

Da aka ce za a raba hatsin agaji, sai aka turo wani ma'aikaci daga Sakkwato ya ƙara gurbin sabuwar tambaya: akwai hatsi a rumbu? Masu sabuwar rajista an tambaye su baki da baki. Tsofaffin layuka kuwa, ya ce ba a barin gurbi fanko, sai ya sa kwamfuta ta cika musu duka da “akwai”.

Ban yarda da mutumin nan ba. Me ya hana ya zaɓi “babu”, a shekarar da ko akuya ta san babu? Na lura kuma sababbin sun fi yawa daga unguwar da ya sauka. Ko da gangan ne, ko lalaci, har yau ban sani ba. Abin da na sani, kawuna na Turba yana cikin tsofaffin, kuma mai “akwai” ba ya samun ko tiya.

Na tayar da rigima har shugabanmu ya ce in bi su in tambaya, in gyara. Na hau babur sai Turba.

“Kawu, akwai hatsi?”

“Alhamdu lillahi, ɗiyata. Asirinmu a ruhe yake.”

Haushi ya kama ni. Na yi ta faɗa da kwamfuta, ga kawu ya ba ni amsar injin da bakinsa! Manomin Gobir ba ya buɗe baki ya ce rumbunsa ya ƙare, balle ga 'yar ƙanwarsa. Amma turmin gidan a kife yake, kuma ban ga toka sabuwa a murhu ba. Na koma ofis na mayar da layinsa “babu”.

Da aka kai masa buhu, ya aiko na zo. Fuskarsa ba annuri.

“Wa yah hwaɗa ma injinku cikin gidana?”

“Ba kowa, kawu. Shi ka cika ma kainai.”

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da na yi wa mutumin Sakkwato. Sannan ya juya ya ce wa matarsa ta tayar da turmi.