Ciyawar da Baba Ya Ɓoye a Bayan Tanki

Kafin rana ta hau katanga, Baba Mai Lambu ya riga ya tuɓe takalmansa ya ajiye a gindin famfo. Ba da almakashi yake fara aiki ba, ba kuma da tiyo ba. Tafiya yake yi a kan ciyawar gidan, ƙafa ba takalmi, daga ƙofar falo zuwa bakin get, ya dawo, ya sake komawa. Sannan ya durƙusa ya damƙi ƙasa a tafin hannu. In ta dunƙule, yau babu ban ruwa. In ta warwatse, sai ya ba ta ta sha ta ƙoshi har can ƙasa, ya ƙyale ta kwana uku.

Shekararsa ashirin da shida a gidan da ke kallon namu. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwoyi sun ce sun gaji. Shi ya sa na ga ya dace mu maƙwabta mu faɗi abin da muka gani, tun yana ji da kunnensa.

Ciyawar da yake raino a gidan ƙiri-ƙiri ce, irin wadda ke fitowa a bakin hanya ba wanda ya gayyace ta. Inna, tsohuwar gidan, ita ta laƙaba masa Sarkin Ciyawa. Kullum sai ta leƙo ta taga ta tambaye shi ya talakawansa suka kwana.

Shekara huɗu da suka wuce ɗanta Injiniya ya dawo daga tafiya da kwalin iri mai hoto a jiki.

"Baba, a tuge wannan ta bakin hanya. Ka ga hoton nan? Haka nake so, kamar darduma."

Baba ya juya kwalin a hannunsa. "Maigida, kyau kam tana da shi. Amma 'yar ƙasar sanyi ce. Tamu ƙasar yashi ce, ruwa ba ya zama a cikinta, ranarmu kuma ba ta da kunya."

"A gwada dai, Baba."

Ya tuge, ya shuka sabuwar, ya kuma kula da ita tsakani da Allah. Sai dai bai zubar da tsohuwar duka ba. Ya yanki faifai-faifai da ƙasarsu, ya kai bayan tankin ruwa inda ake samun ɗan ɗigo, ya shimfiɗa su a can.

Wata huɗu sabuwar ciyawa tana sheƙi, masu wucewa har tsayawa suke yi su leƙa. Ana cikin haka Inna ta gamu da shanyewar ɓarin jiki. Ta dawo daga asibiti a keken marasa lafiya. Likita ya ce lallai ta riƙa taka ƙafar kullum a wuri mai laushi, in aka bar ta wata da watanni ƙafar za ta sandare ke nan. Inna kuwa ta taɓa zamewa a kan tayil ɗin falo, ta ce ko da wasa ba za ta miƙe a kansa ba. A daidai lokacin zafi ya sauko, famfo ya koma zuwa sau biyu a mako. Cikin kwana ashirin dardumar Injiniya ta ƙone ƙurmus, ya rage yashi mai zafi da ƙaya.

Wata safiya Injiniya ya sami Baba a gindin famfo, ya daɗe yana kame-kame kafin ya ce, "Baba, ni na ɓata. Ina za a samo irin waccan?"

Baba bai tuna masa da komai ba. Ya ja shi bayan tanki kawai. Ga ta nan koriya shar, har ta fara hawa bulo.

"Ai ba fushi ta yi ba, Maigida. Jira take."

Bai ce zai rufe filin duka ba, don ya san ruwan ba zai kai ba. Hanya ɗaya ya zana, faɗin taku biyu, daga ƙofar falo zuwa get, ta gefen da inuwar katanga ke daɗewa. Ya gauraya yashin da tsohon taki, ya dasa jijiyoyin a jere. Ruwan da aka wanke kayan miya da shi ya hana a zubar. Ya bi gidajenmu ya roƙi namu ma, muka riƙa miƙa masa a bokiti. Da ta fara tofo bai aske ta ƙasa-ƙasa ba, ya ce doguwar ciyawa ita ke yi wa saiwarta inuwa.

Mako bakwai hanyar ta haɗe. Aka turo Inna bakin ƙofa. Ta dubi ciyawar, ta dube shi.

"Sarkin Ciyawa, in na faɗi fa?"

"A kan talakawana za ki faɗi, Inna. Na riga na ja musu kunne."

Ta yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba, ta kama kafaɗar ɗanta ta miƙe. Taku bakwai ta yi ranar. Tun daga washegari Baba ya fara wannan tafiya tasa ta ƙafa ba takalmi, don in akwai ƙayar da ta ɓuya, tasa ƙafar ta riga ta Inna samunta.

Baba, kai ne ka san ƙasa kafin ka ba ta umarni. Kai ne aka ƙi shawararka ba ka yi zuciya ba, aka dawo gare ka ba ka yi gori ba. Na yi shekaru ina koya wa yara haƙuri a aji da alli. Kai ka koyar da shi a durƙushe, ba ka ce uffan ba. Mun gode, Allah ya huta gajiya, ya sa gwiwoyin nan su samu sauƙi.

Mu kuma da muka rage, kafin mu sayo abin da ke cikin hoto, mu durƙusa mu damƙi ƙasarmu mu ji abin da za ta iya ɗauka. Wanda ya san aikinsa in ya yi magana a hankali, mu saurara.

Baba, Inna ta riga ta sanar da gidan: ranar da za ka tafi kada kowa ya riƙe ta. Da ƙafarta za ta raka ka har bakin get.