Gwiwar Wendell ta Hagu

Shekara talatin da ɗaya Loretta Haskins ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta a wani ƙaramin gari a Kentucky, don haka babu hayaniyar da ke ɗaga mata hankali. Da ta yi ritaya sai ta samu sabuwar sana'a marar albashi. Duk wanda asibiti ya aiko wa takardar kuɗi a cocinsu, wurinta yake kaiwa. Ita ba ta yarda da jimla, sai an rubuto mata dalla-dalla, har ƙwayar maganin ciwon kai da aka sa wa dala ashirin. In ta kira asibiti takan ajiye waya a kan teburin kicin, kiɗan jira yana ta tashi, ita kuwa tana fere dankalinta.

Kwatsam sai abin ya faɗo gidanta. An ɗauki hoton gwiwar mijinta Wendell ta dama, takarda ta zo da kuɗin gwiwa biyu. Wendell kuwa tun yana da shekara ashirin da shida injin tsaga katako ya raba shi da ƙafar hagu, daga cinya.

Kamfanin inshora ya ce a tambayi asibiti. Asibiti ya ce abin da likita ya shigar ke nan. Likita kuma ya tattara ya koma Florida kamun kifi. Wata takwas ana wannan jeka-ka-dawo, har aka sayar da bashin ga masu karɓar bashi. A nan ne Loretta ta tsorata da gaske, domin in sunansu ya ɓaci banki ba zai ba su rancen gyaran rufi ba, ga ruwa yana ɗiga a ɗakin kwanansu.

"Madam, dala dubu ɗaya da ɗari huɗu ne," in ji mai karɓar bashin a waya. "Kina iya biya kaɗan-kaɗan."

"Ɗan nan, ka nemo mana gwiwar, yau zan biya har da tukuici. Shekara arba'in muna cigiyarta."

"Sai dai asibiti ya rubuto cewa babu ita, Madam."

Ranar Litinin ta sa Wendell a mota, sai ofishin kuɗi na asibitin. Ta jawo masa kujera.

"Ciro ta, tsoho."

"A gaban mutane?"

"Ciro, na ce!"

Ta dangwarar da ƙafar robarsa a kan teburin wata ma'aikaciya, da safarta da takalminta. Ma'aikaciyar ta dubi ƙafar, ta dubi kwamfuta, ta sake duban ƙafar.

"To ai... nan biyu aka rubuta."

"'Yar nan, duba da kyau. A asibitin nan aka gwada masa ita, inshorar da ta ce ba ruwanta kuma ita ta biya. Wannan ce ta shida."

Aka kira babba, shi ma ya kira nasa babban. Kafin azahar an soke kuɗin, Loretta ta ƙi motsawa sai da aka ba ta a rubuce, da sa hannu. Ta fito tana taku ɗaiɗai, har da ɗaga wa mai gadi hannu.

A mota ta ɗauko tsohuwar takardar za ta yaga, Wendell ya riƙe mata hannu.

"Bar min ita."

"Ka yi me da ita?"

Ya ninke ta a hankali ya sa a aljihun riga.

"Tun ranar da abin ya faru," ya ce, "ba wanda ya ƙirga ni da ƙafa biyu sai su."

Loretta ta daɗe da makulli a hannu ba ta tayar da motar ba.