Matar Kanada da Inna Ta Liƙe wa Fuska

Ina aji uku na sakandare a unguwar Nkembo Madam mai koya mana Faransanci ta ɗora mini wata marubuciya 'yar Kanada. Kowa an ba shi nasa marubucin, zai tsaya gaban aji ya faɗi tarihinsa. Ni kuwa ko sunana ba na so a kira a aji. Madam a can ta yi karatu, ba ta da zance sai na matar nan. Littafinta na kanta ta ara mini, ta ce duk abin da nake bukata yana bangon baya: inda aka haife ta, littattafanta, kyaututtukan da ta ci.

Tun daga hotonta da ke bangon bayan na tsane ta. Ta tallafe haɓa, farin gashi a tsaye, tana murmushi da gefen baki kamar ta san ba zan iya ba. A cikin littafin wata yarinya ce ke yi wa uwarta tsawa, ta buga ƙofa, ta fice cikin ƙanƙara, babu mai ce mata kanzil. Bangon bayan na bar shi sai ƙarshe, don kada mu haɗa ido.

Sai na manta littafin a kife a falo, inda Baba ke salla in ya dawo daga shago. A gidanmu hoto ba ya zama a wurin nan, ko gwangwanin madara juya shi ake yi. Na dawo daga aike na tarar Inna ta yanko kwalin sabulu daidai girman bangon, ta shafa gam ɗin liƙe takalmi, ta ɗora turmi a kai.

"Inna, na Madam ne fa!"

"To ai gyara mata na yi. Tsohuwa kai ba ɗankwali tana ta zare wa babanki ido?"

"Tarihinta yana wurin!"

"Kwana uku kina fama da ita, har yanzu ba ki san ta ba?"

Na gwada ɓamɓarewa, rubutun ya biyo kwalin. Wayar gidan ɗaya ce, tana aljihun Baba, na kasa roƙonsa in nemo tarihin matar a ciki.

Ranar Litinin na tsaya gaban allo, littafin manne a ƙirjina.

"A ina aka haife ta?" in ji Madam.

"Inda ake sanyi."

Aji ya kwashe da dariya.

"Littafi nawa ta rubuta?"

"Ɗaya na karanta, Madam. Ya ishe ni."

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na ce matar ba ta ƙaunar kowa a littafinta. Uwar ko suna ba ta ba ta ba, sau biyu tak ta bar ta ta yi magana, duka biyun haƙuri take ba 'yarta.

Madam ta miƙo hannu. Ta juya littafin, ta daɗe tana kallon kwalin, na layin gaba suna karanta sunan sabulun da ƙarfi.

"Je ki zauna."

Maki shida cikin ashirin ta ba ni. Har na bar makarantar Sabulu ake kirana. Inda aka haifi matar kuwa har yau ban sani ba, ban kuma nema ba.